LAFIYAR RAGO A TUMBI TAKE

Bayan noma, babu sana'ar da ta riƙe talakan Nijar kamar kiwo. Ƙidayar gonaki da bisashe da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ta nuna cewa tumaki sun haura miliyan 9 cikin ƙasa. Akwai uda mai launi biyu, akwai balami da ake alfahari da shi a jahar Maraɗi, akwai ara-ara ta Abzinawa, akwai kundum mai gashi ta bakin kogin Isa. Ga macen ƙauye, rago shi ne asusu. Da kuɗin adashe ko na bashi take sayensa, ta ɗaure shi a turke wata biyu ko uku, tana jiran kasuwar layya domin ta biya bashi, ta sayi hatsi, ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki.

Amma kowace shekara, sa'ad da salla ta matso, ana samun gidajen da rago ke kwanciya ciki a kumbure, ko ya kama zawo, ko fitsari ya tsaya masa, sai a yi gaggawar sa masa wuƙa a sayar da naman da araha. Sau da yawa ba annoba ce ta kama shi ba. Abin da mai shi ya ba shi da hannunsa, da kyakkyawar niyya, shi ne ya kayar da shi: dusa fiye da kima, kanwa babu awo, jiƙon saiwa da ba a san ƙarfinsa ba.

Gishiri da kanwa da ganyayen itatuwa gado ne na kakanni, kuma binciken zamani ya tabbatar da amfaninsu mai yawa. Abin da ya rage shi ne awo, da sanin inda aikinsu ya tsaya. Mataimaka ne ga ciyawa da harawa da ruwa. In tushen abinci babu, ba su da abin da za su taimaka wa.

YADDA CIKIN TUNKIYA KE AIKI

Duk wanda ya taɓa gyaran kayan ciki ranar layya ya ga cewa cikin rago ɗaki huɗu ne. Mafi girma shi ne tumbi. A cikinsa akwai ƙananan halittu dubban miliyoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ne ke narkar da ciyawa da kara, su mai da su abin da jiki zai iya ɗauka. Tunkiya da kanta ba ta iya narkar da busasshen kara. Sabili da haka mai kiwo, ko ya sani ko bai sani ba, waɗannan halittu yake ciyarwa, su kuma su ciyar da tunkiya.

Halittun tumbi suna da bukatunsu. Suna son ruwa isasshe. Suna son azot, wato abin da ake gina nama da shi, wanda ke da yawa cikin harawa da tunkuza. Suna son fosfor da farar wuta da ɗan kobal kaɗan. Sannan ba su jure tsami. Allah ya yi wa tunkiya maganin tsami cikin bakinta: yawunta, wanda kan kai lita 10 a yini, yana ɗauke da sinadari ɗan'uwan kanwa. Yawu kuwa tuƙa ce ke kawo shi, tuƙa kuma sai da abinci mai kaushi. Ragon da ke kwance yana tuƙa cikin natsuwa yana shaida cewa tumbinsa lafiya lau. Wanda ya daina tuƙa, ciwo ya riga ya shiga, ko da bai kwanta ba tukuna.

Masana sun auna cewa in abin gina jiki cikin ciyawa ya kasa kashi 7 cikin 100, halittun tumbi sukan raunana, narkewa ta yi jinkiri, dabba ta rage ci. Karan hatsi da busasshiyar ciyawar rani sau da yawa ba su wuce kashi 3 ko 4. Daga 2023 zuwa 2025 layya ta faɗo cikin watan Yuni, ke nan turka ta faɗo cikin tsakiyar bazara, lokacin da abincin dabba ya fi ƙaranci ya fi tsada. A irin wannan lokaci ne kuskure ke yawa.

GISHIRI DA KANWA

Makiyayan ƙasar nan ba su jira makaranta ba kafin su gane darajar gishiri. Kowace shekara, ƙarshen damana, wajen watan Satumba, Abzinawa da Fulani suna kai garkunansu filayen Ingal domin su sha ruwan gishiri su ci ciyawar wurin. Ayarin raƙuma na ɗauko kantu daga Bilma da Fashi, ana kawo jan gishirin Tigidda, ana haƙar kanwa a fadamun Manga wajen Gure da Maine-Sorowa, ana dafa gishiri a Dallol Foga. Wannan fatauci na ɗaruruwan shekaru yana da dalili. Ciyawa ba ta da sodiyom isasshe, kuma dabbar da ta rasa shi takan rage ci, ta rage shan ruwa, nononta ya ja baya.

Bukatar ba ta da yawa. Giram 5 zuwa 10 na gishiri a yini, wato cokalin shayi ɗaya ko biyu, ya ishi babbar tunkiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye mata dunƙule a inuwa ta riƙa lasa da kanta, ruwa kuma yana kusa. Haɗari yana zuwa ne in dabba ta daɗe ba ta ga gishiri ba, aka ba ta da yawa lokaci ɗaya, ga kuma ƙishirwa.

Kanwa tana kashe tsami cikin tumbi kamar yadda yawu ke yi, shi ya sa take da amfani ga ragon da ke cin dusa da tsaba. A wuraren kiwo na zamani ana zuba bikarbonat mai tsabta kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na abincin. Sai dai kanwar kasuwa ba ɗaya ba ce. Jar kanwa daban, fara daban, ungurnu daban, kowace da ƙarfinta, wata da yashi, wata da gishirin da ke sa gudawa. Mai jiƙa kanwa cike da hannu ya ɗura wa rago da kwalba yana yin kasada biyu. Ta farko, yawan kanwa na wanke ciki ya bar dabba da zawo da rauni. Ta biyu, in ruwan ya bi ta maƙogwaro ya faɗa huhu, ciwon da zai biyo baya ya fi wanda ake magani. Hausawa sun ce kanwa uwar gami. A cikin tumbi ma haka take, kaɗan ta gyara, da yawa ta haɗa rigima.

Akwai abin da gishiri da kanwa duka ba su bayarwa, shi ne fosfor. Ƙasar noma ta Sahel matalauciya ce wajen fosfor, ciyawar da ta tsiro a kanta ma haka. Dabbar da ma'adinai suka yi wa ƙaranci takan shiga lasar bango, cin ƙasa, tauna ƙashi da tsumma da leda. Mahauta a Yamai da Damagaram da Tawa sun saba fasa tumbi su tarar da leda a murɗe kamar igiya. Irin wannan dabba tana ramewa a hankali, cikinta cike amma yunwa na cinta, kuma babu jiƙon da ke narkar da leda. An kafa dokar hana leda a Nijar a 2014, amma mai kiwo ba zai jira kowa ya share masa bakin turke ba. Maganin ƙarancin fosfor shi ne dutsen lasa da aka haɗa domin tumaki, ko garin ƙashi da aka ƙone ƙurmus aka daka. Ɗanyen dutsen fosfat irin na jahar Tawa na gona ne, kada a ba dabba, domin yana ɗauke da fuliyor mai lalata haƙora da ƙashi.

Wani gargaɗi kuma ga masu saye a kanti: dutsen lasa na shanu ba lalle ya dace da tumaki ba. Ana ƙara masa jan ƙarfe, alhali hantar tunkiya tara shi take yi, ba ta fitar da shi da sauƙi. Ana iya wata da watanni ba a ga kome ba, rana ɗaya ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja, dabba ta faɗi. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya iya karatu, ga ranar amfanin karatunsa. Ya duba takardar da ke jikin kaya kafin ya biya.

TURKA DA GAGGAWA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son ƙiba cikin sati biyu yakan cika wa rago ƙwarya da dusa, da tsabar dawa, da sauran tuwo. Irin wannan abinci yana ruɓewa da sauri cikin tumbi, ba ya bukatar tuƙa, yawu ya ragu, tsami ya hau. Halittun da ke narkar da ciyawa su mutu. Rago ya daina ci, ya yi zawo mai wari, wani lokaci ƙafafu su yi zafi ya kasa tsayuwa. In abin ya yi tsanani, kwana ɗaya ko biyu ya isa. Canjin abinci farat ɗaya yana kuma buɗe ƙofa ga wata cuta ta hanji mai kashe ragon da ya fi kowane ƙiba cikin garke, ba tare da ya nuna alama ba.

Kanwa tana rage wannan haɗari, ba ta kawar da shi. Abin da ke kawar da shi shi ne tsari. A fara da ɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin sati biyu. A ba da harawa ko ciyawa tukuna, dusa ta biyo baya. A raba dusar yini gida biyu, safe da marece. Kada abinci mai kaushi ya yanke a gabansa. Ruwa mai tsabta lita 4 zuwa 5, ko fiye in zafi ya tsananta.

Dusa tana da wani aibi da mutane da yawa ba su sani ba. Fosfor ɗinta yana da yawa, kalsiyom kaɗan, alhali jikin rago yana son kalsiyom ya ninka fosfor sau biyu. In ma'aunin ya karkace, tsakuwa takan taru cikin mafitsara ta toshe hanyar fitsari, wadda ga namiji siririya ce mai tsawo. Rago ya riƙa yunƙuri, yana harbin ciki, fitsari na ɗiga ko ya tsaya ɗungum. A nan ƙarin kanwa ƙara cuta yake yi, domin irin wannan tsakuwa ta fi haɗuwa cikin fitsarin da ba shi da tsami. Rigakafinta shi ne harawar wake da ta gujiya, masu yawan kalsiyom, da gishiri kaɗan mai sa shan ruwa. In fitsari ya riga ya tsaya, sai a nemi ma'aikacin kiwo a ranar, kada a kwana.

Game da ure, takin zamanin da ake sa wa kara ko a haɗa cikin dunƙulen lasa, amfaninsa tabbatacce ne: halittun tumbi suna mai da shi abin gina jiki. Ana narkar da kilo 4 zuwa 5 cikin ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na kara, a rufe sosai sati 2 zuwa 3, a buɗe ya sha iska kafin a ba dabba. Amma ure guba ne in aka ci shi tsagwaronsa. Ba a ba ɗan tunkiyar da bai fara tuƙa ba, ba a ba dabba mai tsananin yunwa, ba a barin dunƙulen cikin ruwan sama dabba ta sha ruwan da ya taru. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi a gwada masa tukuna.

ITATUWA DA GANYAYE

Babu itacen da mai tumaki ke bin bashin godiya kamar gawo. Yana fid da ganye da rani, yana zubar da ƴaƴa daidai lokacin da ciyawa ta ƙare, kuma ƴaƴan suna da abin gina jiki fiye da kara ninki biyu ko uku. Sarakunan Damagaram na dā sun hana sare shi da hukunci mai tsanani. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, suna barin toho ya girma cikin gona, har aka ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo bisa hekta miliyan 5. Kowane gawo da ke tsaye a gonakin Matamai da Magarya rumbu ne na tumaki. In an daka ƴaƴan kafin a bayar, amfani ya fi yawa, domin ƙwayar da ba a fasa ba takan fita yadda ta shiga.

Zogale ma haka. Busasshen ganyensa kusan kashi ɗaya cikin huɗu abin gina jiki ne, ga kalsiyom. Ɗan kaɗan bisa kara yana farfaɗo da halittun tumbi, dabba ta ƙara cin karan kansa.

Ƴaƴan bagaruwa da na kalgo da ganyen sabara suna da bauri. Baurin nan shi ne majema ke nema sa'ad da suke jiƙa fata cikin ruwan bagaruwa, domin yana kama nama ya ɗaure shi. Cikin tumbi ma aikinsa ke nan. In kaɗan ne, yana rage kumfar da ke kawo kumburin ciki, yana tsare wani kashi na abin gina jiki har ya isa hanji, yana tsayar da zawo mai sauƙi, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna yana rage ƙwan tsutsar ciki. In ya wuce kamar kashi 5 cikin 100 na busasshen abinci, sai ya juya. Ya ɗaure abincin har jiki ya kasa ɗauka, dabba ta rage ci, kashi ya bushe. Saboda haka bagaruwa mahaɗi ce, ba a mai da ita tuwon yini.

Makiyaya sun daɗe suna jiƙa ɓawon maɗaci da ganyen marke domin tsutsa. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna lalle akwai abin da suke yi wa tsutsa. Matsalar ita ce ƙarfin jiƙo yana canzawa bisa ga itacen, da lokacin da aka ɗebo, da daɗewarsa cikin ruwa. Kwano ɗaya na yau ba daidai yake da na gobe ba. Tunkiya mai ciki da ƙananan ƴaƴa su ne suka fi shiga haɗari.

Kuma ba duk kore ne abinci ba. Gyauron dawa, musamman wanda fari ya taɓa, yana ɗauke da guba mai kashewa cikin sa'a guda. Duman kada na sa rawar jiki da tangaɗi. Ƴaƴan zurma da na bini-da-zugu guba ne. Danyar ciyawar farkon damana, in dabba ta afka mata da yunwa, tana kawo zawo da kumburi, don haka a ba ta busasshen abinci kafin a sake ta da safe.

INDA SAIWA BA TA KAI BA

Mafi sharrin tsutsar ciki ga tumaki ita ce ƴar siririya ja mai zama cikin ɗaki na huɗu tana shan jini. Mace ɗaya tana zuba ƙwai dubu 5 zuwa dubu 10 a yini, kuma da damana take yaɗuwa. Alamarta a bayyane take: a ja fatar ido ta ƙasa a duba. In ja ce, jini na nan. In ta yi fari, ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura da ruwa, dabba tana bakin rami. A wannan hali jiƙo ya makara, sai maganin likita irin su albendazol, bisa nauyin dabba. Raba ƙwaya biyu don tsimi, ko sayen wadda ta sha rana a tire, shi ke koya wa tsutsa jure magani.

Haka kuma zawon da ya zo da zazzaɓi, da majina, da gyambo a baki, ya kama dabbobi da yawa lokaci ɗaya, ba na abinci ba ne. Alamun annobar ƙananan bisashe ne, wadda ake kira PPR, wadda ƙasashen duniya suka ɗauki alkawari a 2015 za su kawar da ita kafin 2030. Ba ta jin kanwa, ba ta jin maɗaci. Allurar rigakafi kaɗai ke tare ta.

ABIN DA YA WAJABA

Ga mai kiwo, wajibi ne ya tanadi harawa tun da kaka, ya ajiye ta a inuwa bisa rumfa, kafin kuɗinta ya ninka. Ya lissafa abincin wata uku kafin ya sayi rago. Gara ɗaya da ya ƙoshi da uku da ke rabon yunwa. Ya riƙa duba abu huɗu kowace safiya: tuƙa, kashi, fitsari, da launin ido.

Ga ma'aikatan kiwo, aikinsu bai ƙare ga allura ba. Matan da ke turka su ne suka fi yawa cikin wannan sana'a, su ne kuma bayani ya fi wuyar isa gare su. A same su cikin ƙungiyoyinsu da azuzuwan yaƙi da jahilci, a yi musu bayani da Hausa, da awon da suka sani: cokali, gwangwani, tiya. Giram da kashi cikin ɗari ba su da amfani ga wanda ba shi da sikeli. Masu ba da bashin turka su ma su haɗa kuɗi da horo, domin ragon da ya mutu ba ya biyan bashi.

Ga masu bincike, cibiyar INRAN da aka kafa a 1975 ta yi aiki a kan dunƙulen abincin dabbobi da ake haɗawa da kara da dusa da ƴaƴan gawo da ma'adinai. Ana bukatar irin wannan himma a kan kanwa da saiwoyi. A auna kowace irin kanwa ta ƙasa a faɗi abin da ke cikinta. A zauna da tsofaffin makiyaya a rubuta saninsu tun suna raye, a gwada shi, a fitar da awo, a bayyana wanda ke aiki da wanda ba ya yi.

Ga hukuma, a sa ido bisa ƙullin gari da ƙwayoyin ƙiba da ake tallarsu a kasuwannin dabbobi babu suna babu takarda. Duk abin da za a sayar domin cikin dabba, a rubuta abin da ke ciki, da dabbar da aka yi shi dominta, da yawan da za a bayar, cikin harshen da mai saye ke karantawa.

Ƙasar da ke da gishirin Kawar, da kanwar Manga, da gawon Damagaram, da harawar Maraɗi, tana da kusan duk abin da tumbin rago ke bukata. Saura a haɗa su bisa awo, a ba su lokaci. Allah shi ba da damana mai albarka, shi tsare dukiyar talakawa.